Sai Ya Ci Ya Rage

Mai Agogo mutum ne da ba a yi masa wasa da lokaci. In ya ce ka dawo ƙarfe huɗu da kwata, to huɗu da kwata yake nufi. Ka zo huɗu da rabi, ka sha kallo ta saman tabarau har sai ka tsargu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a shago ɗaya, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da cajar waya. Kayan aikinsa ba su da yawa: tebur guda, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanayen alawa cike da ƙananan kusoshi waɗanda in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a yi mata addu'a. Sana'ar ta ja baya, kowa ya sani, waya ta cinye ta. Amma har yanzu akwai masu kawo agogon da uba ya bari, da masu canza batir, da masu son a rage musu madauri. Da wannan ya aurar da 'ya'ya mata biyu, da shi kuma sauran ƙanana biyu suke makaranta.

Abin da zaman shekara talatin ya bar masa shi ne tumbi. Hannayensa har gobe sirara ne, tumbin ne kawai ya yi gaba ya bar shi a baya. Ta kai sai ya ja kujera nesa da tebur kafin ya zauna. In ya ja, ido ba ya kaiwa ga aiki, sai ya duƙa, in ya duƙa kuma numfashi ya tokare masa wuya. Ranar da ya miƙe zai sauko da wani agogon bango jiri ya kwashe shi ya zube a kan Mai Makulli, ranar aka kai shi asibiti. Likitar, wata 'yar siririya da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, ta ɗora shi a sikeli, ta sa aka ɗebi jini, ta ce kilo ɗari da goma sha ɗaya, kuma ciwon sukari ya iso bakin ƙofa yana sallama. Ko ya sauke kilo goma cikin wata uku, ko ta ɗora shi a kan magani. Ta ƙara da cewa sukari in ya samu wurin zama, wasu ido yake taɓa musu.

Ido! Da ta ce ƙafa ce, da ya yi dariya, shi da ba ya zuwa ko'ina. Amma mai gyaran agogo in ido ya tafi, me ya rage? Nan take ya gyara zama ya fara saurare da gaske.

Ta lissafa masa hanyoyi. Auna abinci a cokali, ya ce ba zai iya ba. Tafiyar ƙasa awa guda kullum, ya kalli gwiwoyinsa. Sannan ta ce akwai wata hanya da take yi wa wasu aiki: mutum ya ci abincinsa duka cikin awa takwas, sauran awa goma sha shida kuma ruwa kawai, ko shayi ba sukari ba madara.

"Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa?" in ji shi.

"Kai za ka zaɓa, Baba. Mutane da yawa sha biyun rana suke farawa, su rufe baki ƙarfe takwas."

Sai ga Mai Agogo yana murmushi. Ashe maganin da agogo ake shan sa! Ya fito daga asibiti yana jin an ba shi aikin da ya fi kowa iyawa. Sai da ya sa ƙafa a ƙofar gida ya tuna da Inna.

Inna mahaifiyarsa ce, shekarunta tamanin da 'yan kai, tana zaune a ɗakin ƙarshe kusa da kicin. Hankalinta garau, ido ne ya yi rauni, kunne kuwa ko allura ta faɗi sai ta ce a ɗauka. Tana da hali guda wanda duk gidan ya haddace: ba ta cin abinci sai ɗanta ya ci ya rage mata. Faranti ɗaya ake kai musu, ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma. Shi zai ci, ita tana zaune tana yi masa hira, in ya ƙoshi ya tura mata farantin, sannan ta wanke hannu. Da rana ba ta cin komai sai ɗan shayi. Haka ya buɗe ido ya gan ta, bai taɓa tambayar dalili ba. Matarsa ta yi shekara biyar tana yaƙi da wannan hali, ta sayo wa Inna faranti mai furanni, ta yi lallashi, ta yi fushi, daga baya ta haƙura ta koma cika faranti ɗaya. Ga shi kuma Inna tana da ƙwayoyin da take sha safe da yamma, waɗanda aka ce lallai sai da abinci a ciki.

Washegari da bakwai ya shiga ɗakinta da tire: burodi, soyayyen ƙwai, shayi. Ya gaishe ta, ya ajiye a gabanta, ya koma gefe da kofin ruwan zafinsa.

"Inna, yau ke za ki fara. Likita ta ce in daina cin abincin safe."

"Ba ka da lafiya ne, Babana?" Haka take kiran sa.

"Lafiyar nake nema. Ƙiba ce ta yi yawa."

"Wa ya ce?"

"Sikeli."

"Sikeli," in ji ta, kamar sunan wani ne da ba ta yarda da tarbiyyarsa ba. "To azumi kake yi ke nan?"

"Kamar azumi ne, amma ana shan ruwa."

"Azumin da ake shan ruwa. To, Allah ya ba da lada, in akwai." Ta naɗe hannayenta a cinya.

Ya ce a ransa yunwa za ta sauko da ita. Kwana biyu, uku, ai ciki ba ya jin rarrashi. Ina! Bai san uwar da ta haife shi ba. Kwana huɗu tiren yana fitowa yadda ya shiga, ƙwan ya sandare, shayin ya yi fata. Matarsa ta kira shi a waya yana tsakiyar buɗe wani agogo.

"Malam, ba ta ci ba fa. Kuma ni ba zan ba ta magani a kan cikin wofi ba, in wani abu ya faru ni za a kalla."

"Ki lallaɓa ta mana."

"Shekara ashirin da shida ina lallaɓa ta. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Daga nan ya shiga dabaru, kuma wallahi kowacce ta fi 'yar'uwarta ban haushi. Ya fara da kai burodi baki yana motsa muƙamuƙi. Inna ta karkata kai ta saurara, ta ce, "Ban ji ka haɗiye ba." Ya koma gutsurar burodin yana zurawa a aljihu, yana kurɓar ruwan zafi da ƙarfi don ta ji maƙogwaro ya motsa. Wannan ta yi aiki kwana biyu. A na uku matarsa ta zo wanki ta tarar da aljihun riga ya yi maiƙo, tururuwa sun yi layi har cikin kwandon kaya, ta ɗago rigar ta yi masa magana da muryar da ta isa ɗakin ƙarshe. Shi ke nan, asiri ya tonu. Washegari da ya zauna, Inna ta miƙo hannu ta shafa aljihunsa, ƙaton mutum mai shekara hamsin da huɗu.

Sai ya ce bari ya juya awoyin. Ya fara ci bakwai na safe, ya rufe baki ƙarfe uku. Inna ta ci na safe da daɗin rai, har da neman ƙarin shayi. Da yamma aka kawo shinkafa da wake, ya ce ya rufe, ta ce to ita ma ta rufe. Ya ɗauki takarda a shago ya zana fuskar agogo, ya ja layi nan, ya ja layi can. Tsakanin bakwai da bakwai awa goma sha biyu ne, shi kuma takwas aka ba shi. Ya juya takardar ta kowace fuska, takwas ta ƙi zama sha biyu. Mai Makulli, wanda ƙarfe goma daidai yake baje burodi da kifin gwangwani a kan benci, ƙamshin yana shigowa lungun kai tsaye, ya leƙo ya ga zanen.

"Maigida, ka ci sau biyu tare da tsohuwa mana, ka rage yawan. Sha biyu da sha shida duk ba yunwa ba ce?"

"Sha shida aka ce."

"To ka koma ka tambayi likitar ko da sauƙi."

"In koma in ce mata na kasa riƙe lokaci? Ni?"

Ka ji fa inda matsalar take. Da wani ne, da ya ɗaga waya ya tambaya, a gama magana cikin minti biyu. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana hukunta agogo saboda jinkirin daƙiƙa biyar ba zai yarda a rage masa awa huɗu ba. Maimakon ya gyara nasa lokacin, sai ya yanke shawarar gyara na Inna.

Wata Asabar ya rufe shago ƙarfe ɗaya, ya hau mota biyu ya dawo gida. Ya sa matarsa ta dafa abincin yamma tun da rana, tana yi tana mita. Ya faki idon Inna ta shiga bayi, ya sauke agogon bangon ɗakinta, wanda shi ya sa mata da hannunsa, mai bugawa kowace awa, ya tura shi gaba awa huɗu, ya saki labule. Ƙarfe uku saura kwata ya shigo da faranti yana hamma irin ta wanda ya wuni yana aiki. Can agogon ya buga sau bakwai. Inna ta saurara har ya gama. Ta juya ta kalli inda rana take sauka a bango ta gefen labule, ta saurari titi, babu hayaniyar masu dawowa daga aiki.

"Babana."

"Na'am, Inna."

"Agogon nan ya lalace. Ka kai wa mai gyara."

Matarsa da ke laɓe a bakin ƙofa ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Shi kuwa ji ya yi kamar ya haɗiyi zuciya. Ya mayar da agogon daidai, ya koma tsarinsa na farko, sha biyu zuwa takwas, ya ce kowa ya yi abin da ya ga dama. Aka samu wata 'yar maslaha: da safe Inna ta yarda ta sha shayi da madara don a ba ta magani, tunda a wurinta shayi ba abinci ba ne, da yamma kuma su ci tare. Ya ce wa kansa ai hakan ma ya isa, tsofaffi ba sa ci da yawa.

Shi dai ya sha wuya, kada a rage masa. Ƙarfe goma sha ɗaya hannunsa yakan ɗauki 'yar rawa, sai ya ajiye aiki mai laushi ya koma canza batir. Ransa ya riƙa saurin ɓaci, har ya kori wani mutum da ya ce agogonsa "yana ɗan gudu kaɗan" bai san minti nawa ba. Agogo ashirin da bakwai ne a bangon shagon, duk suna tafiya daidai, duk suna gaya masa saura nawa. In sha biyu ta buga sai ya buɗe kwanonsa da hannu biyu. Amma abin ya yi aiki. A mako na uku ya ɗauki abin huda madaurin agogo ya ƙara wa bel ɗinsa rami. A na biyar ya ƙara wani. Kujera ta matso kusa da tebur, numfashi ya daidaita, mai cajar waya ya ce ya koma saurayi. Cikin mako shida kilo bakwai suka tafi, ya riƙa hawa sikelin kantin magani kamar mai zuwa gaishe da aboki.

Matarsa ce ta fara yi masa maganar. Ta ce zoben Inna ya faɗo a wurin wanka, zoben da sai da sabulu ake cire shi. Ta ce da yamma ma in ya tura mata farantin, loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, a kai wa yara. Ya ce zafi ne, kowa cinsa ya ragu. Ta ce, "Malam, kai ka san agogo, ni na san faranti." Ya fita abinsa.

Ranar da aka kai Inna asibiti duba hawan jini, shi ya riƙe mata hannu ta hau sikeli, yana ma shirin in ta sauka ya hau. Ma'aikaciyar jinyar ta duba lambar, ta duba katin, ta ce a sake hawa. Wata biyu da suka wuce kilo arba'in da tara, yau arba'in da huɗu.

"Wa yake kula da ita a gida?"

"Ni ne. Ɗanta ne ni."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan tumbin da ya rage. Ya gane kallon sarai. Ta ce tsohuwa mai waɗannan shekaru ba ta da kilo biyar na zubarwa, in ta ƙara ramewa ƙafa za ta daina ɗaukar ta, faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta kwantar da ita. Kunya ta rufe shi. Bai hau sikelin ba.

Washegari ya shiga da tire, ya dire shi da ƙarfi har shayi ya fantsama. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar.

"Inna, don Allah me kike so in yi? In ci, ido ya tafi. In bari, ke ki tafi. Ga abinci, ga hannunki, ga bakinki! Mene ne a cikin ragowata da babu a wannan farantin? Kashe kanki za ki yi don ki nuna min iyakata?"

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce wa matarsa, wadda ta taho da gudu, "'Yar nan, ja mana ƙofar." Da ƙofar ta rufu ta yafito shi ya matso, ta rage murya.

"Babana, shagon ne ya mutu?"

"Wane shago?"

"Kada ka ɓoye min. Na ji yara suna cewa yanzu kowa a waya yake duba lokaci. Na ga ka rufe da rana ka dawo gida. Na ji ka kana zuba burodi a aljihu, na san na rana kake ajiyewa." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Shekarar da aka sallami babanku daga aiki, haka ya yi. Ya ce shi ba ya jin yunwa da safe. Wata bakwai yana faɗin haka, yana fita da ruwa a ciki don ku samu. Kai kana da shekara huɗu, ba za ka tuna ba. Ban gane ba sai da ya faɗi a hanya aka kawo min shi. Tun ranar na ce ba zan ƙara kai loma baki ba sai na ga namijin gidan ya ci da idona. Ni tsohuwa ce, kaɗan ya ishe ni. Nawa a ƙara wa yara."

Mai Agogo ya dafe kai. Mako shida yana jin haushin taurin kanta, ashe ita tana can tana rage wa gidansa nauyin bakinta.

"Inna, wallahi akwai. Akwai abinci. Likita ce ta ce..."

"Shi ma babanku cewa ya yi likita ne ya hana shi."

Ya tashi fuu ya nufi kicin. Ya jawo buhun shinkafa a ƙasa har tsakiyar ɗakinta yana haki, ya koma ya ɗauko kiret ɗin ƙwai, ya ɗauko galan ɗin mai, ya kama hannunta ya tura cikin buhun har wuyan hannu.

"Kin ji? Kin ji ko?"

Ta damƙi shinkafar, ta sake ta a hankali.

"Babanku ma ya nuna min buhu. Na maƙwabci ya aro."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Takaici ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa: ga gaskiya a hannunsa, ba ta da inda za ta shiga. Ƙarfe bakwai da minti ashirin, saura awa huɗu da minti arba'in a buɗe masa baki, saura kilo uku, saura mako shida ya koma gaban likita. Ya jawo tiren. Ya yagi burodi ya dangwali ƙwai ya tura a baki, ya tauna da ƙarfi, ya haɗiye yadda za ta ji. Ya zuba sukari cokali biyu a shayi ya kurɓa. Ya ci kusan rabi, sannan ya tura mata farantin.

Ba ta taɓa ba tukuna.

"Gobe ma za ka ci?"

"Zan ci."

"Jibi fa?"

"Zan ci, Inna. Kullum zan ci."

Ta wanke hannu ta fara ci, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ya zauna yana ƙirga lomarta bai san yana yi ba. Da ta kai ta shida sai ta raba sauran burodin biyu, ta ɗauka ba ya kallo, ta naɗe rabin a gefen mayafinta ta tura ƙarƙashin matashi.

Ya gani. Ya ƙara mata shayi.